Yadda Ake Binciken Sabuwar Laftof Kafin Wa'adin Mayarwa Ya Wuce

Sabuwar laftof na iya fitowa daga kwali da ɗan aibinta: ɗigo ɗaya a allo da ba ya canja launi, maɓallin da sai an matsa shi da ƙarfi, ko wani siririn kuka daga cikinta idan an sa caji. Wasu daga cikin waɗannan lahani ne na gaske, wasu halin na'urar ne kawai, wasu kuma saiti ne da za ka juya cikin minti guda. Aikinka a kwanakin farko shi ne ka rarrabe su, domin a lokacin ne kake da ikon mayar da ita a ba ka wata ko a dawo maka da kuɗinka. Da zarar wa'adin mayarwa ya wuce, garanti ne kaɗai ya rage maka, shi kuwa garanti yawanci gyara ne: a karɓi na'urar, ta yi makonni a hannun masu gyara, ta dawo an buɗe cikinta. Tun ran gini ran zane.

Mataki na 1: Kafin ka kunna

Fara da takarda. Duba rasit ko sharuɗɗan mai sayarwa ka san kwana nawa ke gare ka na mayarwa. Wani kwana 7 ne, wani 14, wani 30, wani kuma babu ko ɗaya sai garantin kamfani. Rubuta ranar ƙarshe inda za ka gan ta. Kada ka jefar da kwali, ko ledar da aka naɗe ta, ko ƙananan takardun ciki, don masu sayarwa da yawa ba sa karɓar kaya babu su.

Sai ka juya laftof ɗin ka duba lambar shaidarta (serial number) da ke ƙarƙashinta, ka gwada ta da wadda ke jikin kwali da ta rasit. Dole su zama iri ɗaya. Shigar da lambar a shafin garanti na kamfanin da ya ƙera ta. Dell, HP, Lenovo, Asus da Apple duk suna da irin wannan shafi. Idan ka ga garantin ya riga ya ci wata uku ko huɗu, kada ka firgita, sau da yawa lissafin yana farawa ne daga ranar da ta bar masana'anta, kuma rasit ɗinka ya isa a gyara ranar. Amma idan ya nuna garantin ya ƙare, to akwai alamar ba sabuwa aka ba ka ba.

Daga nan ka aza ta a kan tebur mai santsi ka danna kusurwoyinta huɗu. Idan tana rawa, ko dai ɗaya daga robobin ƙasan bai zauna ba ko gangar jikin ta ɗan karkace. Duba kawunan sukurun da ke ƙasa, in akwai tabon sukurdireba an taɓa buɗe ta. Buɗe murfin a hankali ka rufe sau da yawa kana saurare. Hinji, wato ƙarfen da ya haɗa murfin da gangar jiki, yakan yi tauri a sabuwa, wannan ba komai ba ne. Abin da ba a so shi ne ƙarar "ƙas" kamar roba na tsagewa, ko gefen allon ya riƙa ɗagawa yayin buɗewa. Irin wannan ba ya warkewa da kansa, ƙaruwa yake yi.

Mataki na 2: Bar ta ta gama shirinta

Kunna ta, sa mata caji, haɗa ta da intanet, ka bar Windows ya sauke duk sabuntawar da ke jiransa. Kashe ka kunna, ka sake dubawa har sai ya ce babu saura. Sannan buɗe manhajar kamfanin, kamar Lenovo Vantage, MyASUS ko SupportAssist na Dell, ka sabunta direbobi, wato ƙananan manhajojin da ke sa kowane sashe na na'urar ya yi aiki, da BIOS, manhajar da ke tayar da na'urar kafin Windows. Yayin sabunta BIOS kada ka cire caja, kada ka rufe murfi, kada ka taɓa maɓallin kashewa ko da allon ya yi baƙi na ɗan lokaci.

A wannan yini na farko fanka za ta yi ta hura, jikinta ya yi zafi, batir ya riƙa sauka da sauri. Kada ka yanke mata hukunci yanzu. Aiki take yi a ɓoye, tana girka sabuntawa tana jera fayiloli. Laftof kan yi watanni a kwali kafin ta iso hannun mai ita, kuma da yawa daga ƙananan matsalolin Wi-Fi, sauti da tocfad (faifan da ake jan yatsa a kai a motsa kibiya) kamfanin ya riga ya gyara su a sabon direba. Hukunci sai gobe.

Wata shawara: kada ka yi gaggawar kwashe duk fayilolinka ka zuba mata, ko ka manna mata sitika. Mai yiwuwa ne ta koma.

Mataki na 3: Allo

A nan za ka fi daɗewa, don allo ne idonka zai zauna a kai kullum, kuma a kansa aka fi jayayya da masu garanti.

Goge shi da tattausan ƙyalle tukuna, don ƙura kan yi kama da mataccen ɗigo. Nemo hotuna biyar masu launi ɗaya tal: fari, baƙi, ja, kore da shuɗi. Buɗe kowanne ya cika allon, a burauza maɓallin F11 na yin hakan. Kusanto da fuskarka ka bi allon layi-layi daga sama zuwa ƙasa. Allo mai girman 1920 sau 1080 yana da ɗigo 2,073,600, kowane ɗigo kuma ya ƙunshi ƙananan sassa uku, ja da kore da shuɗi. Mataccen ɗigo baƙi yake zama a kan kowane launi, an fi ganinsa a fari. Maƙalallen ɗigo kuwa yana tsayawa a launi ɗaya, sai ka ga ɗan jan tabo ko kore yana ƙyalli a tsakiyar baƙi. Maƙalalle wani lokaci yakan sake idan an kunna masa bidiyon launuka masu saurin canjawa a daidai wurin, matacce kam ya mutu. Kada ka bi shawarar masu cewa a danna wurin da yatsa ko bakin biro, kana iya mayar da ɗigo ɗaya ya zama tabo.

Ga inda gizo ke saƙar. Kamfanoni ba sa ɗaukar ɗigo ɗaya a matsayin lahani a ko da yaushe. Tsohuwar ƙa'idar ISO 13406-2, wadda ISO 9241-307 ta gaje ta, ta yarda allo mai aji na biyu ya kasance da ɗigo 2 masu haske, 2 matattu, da ƙananan sassa 5 masu lahani a cikin kowane ɗigo miliyan ɗaya. Kowane kamfani yana da nasa adadin da sai an kai shi zai canja allo. Saboda haka idan ɗigon yana tsakiyar allo kuma yana tsone maka ido, ta ƙofar mayarwa za ka bi, kada ka dogara da garanti. Idan yana can kusurwa inda sai ka neme shi, ni dai ba zan mayar da laftof mai lafiya a kansa ba, don wadda za a ba ni ba ta zo da alkawarin fin ta ba.

Da dare, kashe fitilar ɗaki, bar hoton baƙi a allo, ka sa hasken a inda ka saba aiki, ba a ƙarshensa ba. Za ka iya ganin haske na tsiyaya daga gefuna. Iri biyu ne. Matsa kanka hagu da dama, ka ja baya kaɗan. Idan hasken yana motsi ko ya ɓace, halin nau'in allon da ake kira IPS ne, kowane irinsa yana da shi, canji ba zai raba ka da shi ba. Idan ya tsaya cak a wuri ɗaya, fari-fari ko rawaya, to fitilar bayan allon ce ke yoyo saboda firam ɗin ya matse shi. Kaɗan daga wannan kusan kowace laftof na da shi. Ma'aunin shi ne: kana ganinsa yayin kallon bidiyo a ɗaki mai haske daidai? In kana gani, ka mayar. Ka kuma sani kyamarar waya tana zuzuta shi ƙwarai a duhu, don haka da idonka za ka yi hukunci. Nau'in allon da ake kira OLED ba shi da fitilar baya, wannan gwajin bai shafe shi ba.

Idan haske yana ƙaruwa yana raguwa da kansa, musamman a kan batir, yawanci saitin tattalin wuta ne. Shiga Settings, System, Display, ka buɗe ɓangaren Brightness ka kashe canjin haske na kai-tsaye. A na'urori masu AMD akwai wani saiti mai suna Vari-Bright da ke yin hakan. Amma idan allon yana ƙyaftawa ko layuka na fitowa a daidai lokacin da kake motsa murfi, wayar da ta bi ta cikin hinji ce, wannan lahani ne kai tsaye.

Mataki na 4: Madannai da tocfad

Buɗe Notepad ka danna kowane maɓalli ɗaya bayan ɗaya, ba tsallake. Manyan maɓallai kamar na tazara, Shift da Enter, danna su a tsakiya da kuma gefe biyu, don a gefe ne suke ƙin amsawa idan ƙarfen da ke ƙarƙashinsu bai zauna ba. Sannan rubuta sakin layi guda da saurin da ka saba. Harafin da ke fita biyu a danna ɗaya, ko wanda yake ɓacewa lokaci-lokaci, a nan yake bayyana.

Kafin ka zargi madannan, kawar da abubuwa uku. Idan alamar @ da alamar zance sun yi musanya, tsarin madannai ne ya koma na Ingila maimakon na Amurka ko akasin haka, danna maɓallin Windows tare da na tazara ka canja. Idan F1 zuwa F12 suna ƙara murya da haske maimakon aikinsu, kullen Fn ne, a yawancin Dell da Lenovo Fn tare da Esc ke juya shi. Idan kuma madannan sun yi nauyin amsawa gaba ɗaya, wataƙila ka riƙe Shift na dama har daƙiƙa 8 ba ka sani ba, ka kunna Filter Keys, sai ka kashe shi a Accessibility.

Tocfad kuwa, ja yatsa daga kusurwa zuwa kusurwa a hankali, ka ga ko kibiyar tana tsalle. Ɗan ƙwanƙwasa shi ba tare da ka danna ba. Idan kana jin yana kaɗawa kamar akwai rata a ƙarƙashinsa, sakaci ne wajen haɗi. Ba ya hana aiki, amma mai saurin jin haushi ba zai taɓa sabawa da shi ba. Idan kibiyar tana hauka ne kawai lokacin da caja ke jiki, cire cajar ka gwada. In ta natsu, laifin na caja ne ko soket marar atin, wato wayar da ke sauke rarar wuta zuwa ƙasa. Daga wannan tushen ne kuma ake samun ɗan tsikarin da ake ji a tafin hannu a laftof mai jikin ƙarfe: 'yar wuta ce kaɗan ke zurarowa ta cajar mai ƙafa biyu, kuma caja mai ƙafa uku a soket mai atin takan kawar da ita. Idan ya wuce tsikari ya kai jan wuta na gaske, daina amfani da wannan caja nan take.

Mataki na 5: Saurara

Kai ta ɗaki shiru, kara kunnenka kusa da madannai. Fanka mai lafiya iska kawai take hurawa. Ƙarar karta, ko "tik-tik", ko gurnani da ke canjawa idan ka karkata na'urar, alama ce fankar na taɓa wani abu ko gindinta ya lalace, kuma garanti na ɗaukar wannan.

Akwai kuma wani siririn tsiwa kamar kukan sauro, wanda ke canja murya idan ka ja shafi ƙasa, ko ka buɗe babban fayil, ko ka sa caji. Wannan daga ƙananan naɗaɗɗun wayoyin da ke daidaita wuta a kan madabod, wato babban faifan cikin na'urar da ke haɗa sassanta, yake fitowa, suna karkarwa ne idan wuta na ratsa su. Ba ya lalata komai, ba kuma alamar mutuwa ba ce, shi ya sa kamfanoni da yawa ba sa ɗaukarsa lahani. Ƙarfinsa ya bambanta ko a tsakanin laftof biyu iri ɗaya. Idan sai ka kara kunne kake jin sa, ƙyale shi. Idan kana jin sa daga inda kake zaune, kuma aikinka na dare ne, dalili ne mai kyau na canji, don ba shi da magani tabbatacce.

Kunna sauti ka ƙara murya a hankali har ƙarshe, ka ji ko lasifikar na tsatsa, ka tabbatar hagu da dama duka suna fita. Ɗauki muryarka ka saurara. Idan kyamara ta nuna baƙi, duba ɗan murfin da ke samanta ko maɓallin kashe ta kafin komai, wannan ɗan murfi ya sa mutane da yawa sun yi zaton kyamararsu ta mutu.

Mataki na 6: Kafofi

Sa filashi a kowace kafar USB ka kwafi babban fayil, ka ɗan taɓa shi ka ga ko yana yankewa. Gwada HDMI da talabijin, ramin iyafis, Bluetooth, da Wi-Fi daga ɗaki mai nisa. Ka lura, ba kowace kafar USB-C ke caji ko fitar da hoto ba, ko da kamanninsu ɗaya. Mai alamar walƙiya, wadda ake kira Thunderbolt, yawanci tana yin duka. Sauran sai ka duba takardar bayanin samfurinka.

Mataki na 7: Batir da barci

Buɗe Command Prompt, tagar rubuta umarni ta Windows, ka rubuta powercfg /batteryreport ka danna Enter. Zai nuna maka inda ya ajiye rahoton. Buɗe shi ka nemi layuka uku. Design Capacity shi ne abin da aka ƙera batirin ya ɗauka, Full Charge Capacity abin da yake ɗauka yanzu, Cycle Count kuma sau nawa aka cika shi aka sauke. A ce na farko 50,000 mWh ne, na biyu 48,500, lafiya lau, batir ba ya fita daidai cif. In kuwa na biyu ya sauka zuwa 40,000, ko ƙidayar caji ta kai gommai, ko dai batirin ya tsufa a ajiye ko an yi amfani da na'urar. A Mac ana ganin ƙidayar a System Information, ƙarƙashin Power.

Idan caji yana tsayawa a kashi 60 ko 80 ya ƙi gaba, yawanci da gangan ne. Kamfanoni na sa wannan saiti don batir ya daɗe, kuma ana juya shi a manhajarsu. Ga wanda laftof ɗinsa ke wuni a jikin caja, gara ya bar shi haka.

Gwajin da mutane ke mantawa shi ne na barci. Cika batir da dare, cire caja, rufe murfi, ka duba da safe. Raguwar kashi kaɗan ba komai. Idan ka tarar ta zubar da kashi 30 ko jikinta da ɗumi, ba ta yi barcin kirki ba. Laftof na zamani masu Windows suna amfani da wani salon barci mai suna Modern Standby, inda na'urar ba ta mutuwa gaba ɗaya, kuma direba ɗaya marar kyau ya isa ya hana ta hutawa. Rubuta powercfg /sleepstudy a Command Prompt da ka buɗe da ikon mai gudanarwa, rahoton zai nuna abin da ya cinye wutar. Kafin a gano, riƙa amfani da Hibernate, wanda ke ajiye aikinka ya kashe na'urar, ko ka kashe ta gaba ɗaya idan za ka sa ta a jaka, don zafi a rufaffiyar jaka yana cin batir.

Abu ɗaya ne a nan ba a jira da shi: tocfad ya ɗago sama, ko ƙasan na'urar ya kumbura, ko murfi ya daina rufuwa daidai. Batir ne ya kumbura. Kashe ta, cire caja, kada ka matsa wurin, ka mayar.

Mataki na 8: Abin da ke ciki

Danna Ctrl, Shift da Esc tare, ka shiga Performance ka gwada firosesa (ƙwaƙwalwar na'urar), RAM (wurin riƙe aiki na wucin gadi) da ma'ajiya da abin da aka rubuta a kwali. Lambobin ba za su cika ba, kuma ba cuta ba ce. Ma'ajiyar 256 GB tana nuna kusan 238, ta 512 tana nuna 476, ta 1 TB kuma 931, saboda masu ƙerawa da 1000 suke lissafi, Windows kuwa da 1024. RAM ma akan yanke wani ɓangare a ba sashen hoto. Manhajar CrystalDiskInfo, wadda kyauta ce, tana nuna awa nawa ma'ajiyar ta yi a kunne. 'Yan awowi na gwajin masana'anta ne, ɗaruruwa kuwa labari ne daban.

Sai gwajin da kamfanin ya dasa a cikinta. A Dell, danna F12 yayin tashi ka zaɓi Diagnostics. A HP, Esc sannan F2. A Mac mai Intel, riƙe D yayin kunnawa, a mai firosesar Apple kuwa riƙe maɓallin kunnawa har zaɓuɓɓuka su fito sannan Command da D. Don RAM, rubuta mdsched a wurin bincike na Windows ka bar shi ya sake tashi. Idan wata lambar kuskure ta fito, ɗauki hotonta. Babu hujjar da ta fi ta ƙarfi a wurin masu garanti, don na'urarsu ce da kanta ta faɗa.

A ƙarshe ɗora mata nauyi na kamar rabin awa: wasa mai nauyi, sarrafa bidiyo, ko duk aikin da ka saye ta dominsa. Firosesar siririyar laftof na iya haura digiri 90 ta rage gudu don kare kanta, haka aka tsara ta. Abin da ba a tsara ba shi ne ta mutu farat ɗaya, ta daskare, ko ta fito da allon kuskure ta sake tashi. Sau ɗaya, sabunta direbobi ka sake gwadawa. In ta maimaita, kada ka tsaya neman dabara.

Mataki na 9: Idan za ka mayar

Tambayar da nake auna kowane aibi da ita ita ce, zai ƙaru ko zai tsaya inda yake? Hinji mai ƙara, batir marar ƙarfi, maɓalli mai tsallake, kafa mai yankewa, mutuwa ba dalili, duk waɗannan ƙaruwa suke yi, su koma. Ɗigo a kusurwa, ɗan yoyon haske, siririn tsiwa, waɗannan suna nan yadda suke, kai ne za ka auna haƙurinka. Ko yaya dai, kada ka kwance sukuru ko ka ba wani ya "ɗan duba" a cikin wa'adin, don tabo ɗaya ya isa a ce kai ka ɓata.

Ɗauki bidiyon matsalar tana faruwa, da lambar na'urar a cikin bidiyon. Kai ƙorafinka a rubuce, ba da baki kawai ba, kuma ka faɗi abin da za a iya maimaitawa: "Idan na buɗe murfi ya wuce rabi, layuka na fitowa a allo, na sabunta direbobi da BIOS, bai daina ba." Wannan ya fi "allon yana da matsala" nesa ba kusa ba.

Kafin ka miƙa ta, kwashe fayilolinka, ka ajiye mabuɗin BitLocker, tsarin Windows na kulle ma'ajiya, mai lamba 48 da ke cikin asusunka na Microsoft, don idan aka canja madabod wajen gyara tana iya neman sa kafin ta buɗe. Idan mayarwa ce gaba ɗaya, fita daga asusunka, ka shiga Settings, System, Recovery, ka zaɓi Reset this PC tare da goge komai. A Mac kashe Find My, tsarin Apple na nemo na'urar da ta ɓata, tukuna, in ba haka ba za ta zauna a kulle da sunanka. Ɗauki hoton jikinta ta kowane gefe, da cajar, da kwalin, ka kuma karɓi takardar shaidar cewa sun karɓa, mai ɗauke da kwanan wata da lambar na'urar.